Ka Huda Batir Da Allura, Ka Jefa Shi A Bola, Sannan Ka Ce Tsautsayi Ne?

Yau ba darasin fulashin ko canjin gilashi na kawo muku ba, faɗa na zo yi. Duk wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, don ni ma ina cikin waɗanda za ta taɓa.

Ranar Talatar da ta wuce wani mai adaidaita sahu ya kawo min wayarsa, wai ba ta riƙe caji. Tun kafin na buɗe na ga murfin baya ya ɗaga. Ina ɓallewa sai wani wari ya bugi hancina, irin mai zaƙi-zaƙin nan kamar na ruwan goge farce. Duk mai gyaran da ya daɗe a kan tebur ya san warin nan, ruwan batir ne ke yoyo. Na duba da kyau, sai ga busasshen ɗigon sufa gulu a tsakiyar batirin. Na ce, "Malam, me ka yi wa batirin nan?" Ya yi dariya ya ce ai a wani bidiyo ya gani, in batir ya kumbura sai ka huda shi da allura iskar ta fita, ka danne da babban yatsa, ka toshe da gam, ya koma sabo. Kwana uku yana caji da shi a haka. A ina? A ƙarƙashin matashin kansa, a ɗaki ɗaya da matarsa da jaririnsu.

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Shi kuma abin da ya dame shi kawai kada na ce sai ya sayi sabo.

To kai mai karatu, in ka taɓa yin haka, ko kana da niyya, ko ka tura wa wani bidiyon, tsaya ka ji abin da ke cikin baƙar ledar nan. Batirin wayarka ba dunƙulen ƙarfe ba ne. Wasu siraran faifai ne aka naɗe kamar tabarma. Ɗaya na jan ƙarfe ne, an shafe shi da baƙin gari irin na bakin fensir. Ɗayan na alminiyom ne, an shafe shi da sinadarin litiyom da kobalt. A tsakaninsu akwai wata farar leda wadda ba ta kai kaurin gashin kanka ba, kuma ita kaɗai ce ke hana fostib haɗuwa da negatib. Duk wannan an jiƙa shi da wani ruwa mai saurin kama wuta. In batir ya sha zafi, ko caja marar kyau, ko ya tsufa, ko an bar shi ya mutu murus wata da watanni a cikin durowa, ruwan nan sai ya fara lalacewa yana komawa iska. Iskar ce take kumbura shi. Ka ga kenan kumburin alama ce kawai, ciwon yana can ciki. Fitar da iskar ba ya dawo da ruwan da ya lalace.

Allura kuma ƙarfe ce. In ta ratsa farar ledar nan ta haɗa faifan biyu, duk cajin da ke ciki a kan tsinin allurar zai zube lokaci ɗaya. Zafi ya haifi zafi, kafin ka ce kwabo ya zama wutar da ke ciyar da kanta. In ma ka yi sa'a ba ka taɓa faifan ba, ka buɗe wa danshin iska hanya, shi kuma in ya haɗu da gishirin da ke cikin ruwan batir, wani asid ne yake fitowa mai cin fata da huhu. Sufa gulu ba ya toshe wannan. A 2016 kamfanin Samsung ya janye Galaxy Note 7 kusan miliyan biyu da rabi daga kasuwa, daga baya ma ya daina ƙera ta gaba ɗaya, aka hana shiga jirgin sama da ita. Me ya jawo? Ɗan matsewar kusurwar batir da ɗan tsinin walda da ido ma da ƙyar yake gani. Kamfani mai dubban injiniyoyi kenan fa. Kai kuma da allurar ɗinkin hula za ka gyara?

Masu yin irin bidiyon nan kuwa, ku ji tsoron Allah. Kuna ɗaukar wanda bai fashe ba ku ɗora, wanda ya fashe ku goge. Don mutum dubu su danna muku, kun sa wani uba ya kwana da garwashi a ƙarƙashin kansa.

Amma ba a kan allura kaɗai na zo faɗa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari na taka nawa.

Na fara koyon gyara ina aji huɗu a sakandare, bayan an tashi nake zuwa wajen ogana. Duk batirin da muka cire, a kwali ɗaya muke zubawa da fasassun gilasai da ledar fiya wata, da yamma yaron shago, wato ni, ya kai bolar bayan layi ya juye. Babu wanda ya taɓa ce min ba daidai ba ne. Na yi shekaru ina haka har bayan na buɗe nawa teburin. Ranar da na daina ita ce ranar da aka cinna wa bolar wuta kamar yadda aka saba, wasu yara masu tsince-tsince suna tone gefenta da sanda, sai muka ji tas! tas! kamar an saki nokawut. Wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya fito yana ihu, narkakkiyar leda ta manne masa a ƙafa. Mutane suka taru ana ta cewa tsautsayi, tsautsayi. Ni ban ce komai ba. Na san kwalin wa aka juye a wajen jiya da yamma. Mai yiwuwa ba nawa ne ya fashe ba, shaguna da yawa ke zubawa a nan. Amma ban isa na rantse ba.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Ƙaramin tebur irin nawa, a sati ina canza batir goma zuwa sha biyar, lokacin zafin Maris da Afrilu ma ya fi haka, don zafin Kano ba ya raga wa batir. Ka ninka da yawan teburan da ke layi ɗaya, ka ninka da kasuwannin waya na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram. Ina suke tafiya? Bola da kwata. In damina ta zo, kwata ta kwashe ta kai inda ake ban ruwan latas da kabejin da kake saya da safe.

Abokan sana'ata, ku ma ku matso. Akwai abin da muke yi da ya fi na mai adaidaitan nan muni, domin shi bai sani ba, mu mun sani. Wa bai san masu tattara tsofaffin batura su huda su danne su liƙa musu sabuwar sitika, a dawo da su teburi a ce "orijina ne, folo kom ne" ba? Wa bai san ana ɗaukar batirin da ya yi shekara a mace a ɗosana masa wuta da injin ya farfaɗo, a saka wa kwastoma a karɓi kuɗin sabo ba? Bayan sati biyu ya dawo, a ce masa ai cajarka ce. In ka ce kai ba ka yi, to ka taɓa hana maƙwabcinka? Ni ban taɓa ba sai bana, kuma har yau akwai wanda ba ya amsa gaisuwata saboda haka. Na yarda.

Kai ma kwastoma kana da naka kason. Ka zo a ce maka mai kyau kaza ne, ka ce a'a, a ba ka na rabin kuɗin. Araha ba ta ado. Wanda ya kamata ya yi maka shekara biyu sai ya zama kana canzawa duk wata huɗu, kuɗin da ka ce ka rage ka biya shi ninki, ga gawar batir shida a bola maimakon ɗaya. Haka fawa bank. Ƙwayar batirin nan mai kama da yatsa da ake kira 18650, masu kyaunta ma yawanci ba sa wuce wajen mAh 3,500. Amma sai ka ga an rubuta 9,900 a jikin ƙwaya ɗaya, ka saya kana murna. Na taɓa fasa wata fawa bank mai ƙwaya shida, biyu ne kawai ke da waya a jiki, sauran huɗun yashi ne a ciki don nauyi.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa min a majalisa: "Kai Malam, Turawa ne suka mayar da mu bolarsu, ka je ka yi da su." Ban musa ba. A 1988 an kawo dubban gangunan guba daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Irin wannan ta'asar ce ta sa duniya ta yi yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka suka yi tasu ta Bamako a 1991. Kuma abin bai tsaya ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kusan tan 60,000 a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka, da yawa an cusa su a cikin motocin Beljiyam. Duk gaskiya ne. Amma ka faɗa min, batirin da na cire daga wayarka jiya, wanda ka saya sabo dal a kwali shekara biyu da suka wuce, wane Bature ne ya jefa shi a kwata? Ni ne, ko kai. Zagin Turawa ba zai tsamo shi ba.

Kwanaki an gayyaci wasu daga cikinmu wani taro a otal, aka yi ta maimaita wata kalmar Turanci mai nufin tattalin arzikin da kaya ke zagayawa su dawo, ba a saya a yar ba. Aka ba mu shinkafa da ruwan roba. Ina zaune ina cewa a raina, ashe abin da muke yi tun muna yara suna gare shi. A ƙasar nan waya ba ta mutuwa sau ɗaya. Alhaji ya gama da ita ya ba ɗansa, ɗan ya yi musaya a kasuwa, ɗalibi ya saya, ta faɗa ruwa, ta zo hannuna. In ta ƙi tashi na cire gilashi, na cire kyamara, na cire sifika da bakin caji, na gyara wasu huɗu da su. Fanel ɗin da ya rage baban bola ya saya, don ya san akwai jan ƙarfe da ɗan zinare a jiki. Kuma ba ƙarya ba ne. Lambobin yabon da aka raba a gasar Olamfik ta Tokyo duk daga tsofaffin kayan lantarki aka tace su, ciki har da wayoyi fiye da miliyan shida da mutanen Japan suka tara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar lantarki tan miliyan 62, kashi 22 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa a hukumance, Afirka kuma ba ta kai kashi ɗaya ba. Wannan lissafin bai ƙirga ni ba, bai ƙirga mai kurar jari bola da ke bi lungu-lungu yana kiran kwandam ba. Don haka ni ba na cikin masu raina 'yan jari bola. Da babu su da tuni shara ta binne mu.

Sai dai zagayen namu yana da ɓula, kuma a kan guba ɓular take. Mu abin da ke da kuɗi a take shi muke ɗagawa. A layinmu baban bola zai yi ciniki da kai a kan fanel har ku yi rantse-rantse, amma ka miƙa masa batirin waya kyauta ya ce ka riƙe kayanka. Alhali kobalt ɗin da ke ciki, wajen kashi 70 cikin 100 na duniya daga Kwango ake tono shi, wani a ramukan da mutane ke shiga da hannu da tocila a goshi. An sha wahalar tono shi, ya zagaya China ya zo hannunmu, mu kuma mu ƙona shi a bola. Wayar wuta kuma, don a ciro jan ƙarfen, sai a tara a cinna mata tsohuwar taya. Baƙin hayaƙin nan da kake gani a bayan gari da yamma, shi kenan. A Agbogbloshie da ke Akara samari ne, yawancinsu daga arewacin Ghana, suka yi shekaru suna shaƙar irinsa har aka rushe wajen a 2021. An rushe wajen, sana'ar kuma ta watsu wasu unguwanni, don cikin da ke jin yunwa ba a rushe shi ba.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne manyan batura, na mota da na inbata da na sola. Yanzu da wutar NEPA ta zama abin da ta zama, gida nawa ne a layinku babu sola? Kowane ɗaya bayan shekara biyu ko uku zai fitar da mataccen batir, kuma fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Wannan kam yana da kuɗi, har rububinsa ake. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake yi da shi? A sare kansa da adda, a tuntsurar da asid ɗin a ƙasa ko a kwata, a zazzage faifan da hannu babu safa, wani ma ya narka a kasko a tsakar gida. Garin dalmar ya bi iska, ya kwanta a tabarma, ya bi rigar maigida zuwa ɗaki, yaro mai rarrafe ya shafa ya kai baki.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Za ka ce wancan ai ma'adinai ne. To na batir ma ya faru. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu, iyayensu mata suna tankaɗe ƙasar wajen fasa batura don su tsinci dalma su sayar. Wanda bai mutu ba kuma, dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Yaro ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Kai kuma da ka sayar da batirin inbatarka ga wanda ya fi ba da kuɗi, har ka ce masa ya zubar da ruwan a ƙofar gida don kada ya ɓata masa kura, a ƙofar gidan wa 'ya'yanka ke wasan ƙasa?

Doka fa akwai. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011, a 2024 kuma aka fito da na batura su kaɗai, kuma tushensu shi ne wanda ya ƙera ko ya shigo da kaya yana da alhakin abin da kayan zai zama in ya mutu. A Tarayyar Turai dokar 2023 ta ɗora musu tattara kashi 63 cikin 100 na ƙananan batura kafin ƙarshen 2027, kuma mai sayarwa dole ya karɓi tsoho kyauta. To manyan dilolinmu da ke sauke batir kwali-kwali, masu rataya mana allunan talla a kowace kusurwa, suna raba riguna da lema, akwatin ƙarfe ɗaya na tara tsofaffi ne ya gagare su? Ƙungiyoyinmu na kasuwa da ba sa fashin karɓar kuɗin wata, durom biyu da yashi nawa ne? Akwai kamfanoni masu lasisin sarrafa irin wannan shara a ƙasar nan, musamman wajen Legas. Ba za su taso mota don kwalin mutum ɗaya ba, amma kasuwa guda in ta tara na wata shida, magana ce ta daban. Na kai maganar nan gaban shugabanninmu sau biyu. Na farko aka ce za a duba. Na biyu aka tambaye ni nawa za a samu.

Kafin su gama dubawa, ga abin da nake yi, kai ma ba abin da zai hana ka. Na samu tsohon gwangwanin fenti na ƙarfe na zuba busasshen yashi. Duk batirin da na cire, ina naɗe bakinsa da salatif don kada ya taɓa wani, na tura shi cikin yashin, gwangwanin yana inuwa nesa da janareta. Wanda ya kumbura ba na dannawa, ba na lanƙwasawa. Kai a gida, in ka ga murfin wayarka ya ɗaga ko gilashi ya fara ɓallewa da kansa, cire ta daga caji, kashe ta, kada ta kwana a kan katifa, ka kai a cire. In ta fara hayaƙi kada ka tsaya ɗaukar bidiyo, fitar da yara, buɗe taga, ka watsa mata yashi daga nesa. Batirin inbata kuwa, ka mayar wa dilan da za ka sayi sabo a wajensa da ruwansa a ciki, a rufe, ko da abin da zai rage maka bai kai na mai kura ba. Tsofaffin batiran laftof ma kada ka yar, sau da yawa ƙwaya ɗaya ko biyu ce ta mutu a cikin shida, mai gyaran da ke da mita zai ware masu rai a yi fitila da su.

Kuma don Allah, ran da za ka canza batir, ka tambayi mai gyaranka, "Oga, tsohon ina za ka kai shi?" In ya nuna maka kwalin shara, karɓi abinka ka kai wa wanda ke da gwangwani. Mu masu gyara ba ma jin wa'azi, amma muna jin kwastoman da ya juya ya tafi teburin gaba.

Mai adaidaitan nan dai ya sayi sabon, bayan mun yi kusan rabin awa muna ja. Nasa mai sufa gulun yana cikin yashi a gefen ƙafata yanzu haka da nake rubutun nan. Jiya ya tsaya da mashin ɗinsa a bakin titi, ko kashewa bai yi ba, ya miƙo min wasu guda biyu a ƙunshe a leda, ya ce a durowar matarsa ya same su, ɗaya har ya fara wari. Gwangwanin ya kusa cika, na aika yaro ya nemo na biyu.